Injin Sheƙar Yaya Sale

Tun shekaranjiya ake yayyafi a Kano, irin na tsakiyar Agusta wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Kayan da maiɗakina ta wanke sun ƙi bushewa, ta kwaso su ta baza a kan kujerun falo, gidan duk ya ɗauki warin danshi. Da safen nan na ɗauki rigata zan sa, na ji ta da sanyi a wuya, sai kawai na samu gefen gado na zauna. Wannan warin na san shi. Shi na shaƙa wata guda da wani abu a Guangzhou, a farkon shekarar 2008, lokacin da sanyi ya tsare ni a ɗakin yayana Sale.

Ni a lokacin sabon shiga ne a harkar China. Kayan gyaran injin ban ruwa nake sarowa ina kaiwa kasuwa a Kano, kuma zuwana na biyu ke nan. Yaya Sale shi ne babba a ɗakinmu, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, a garejinsa na fara sanin sifana da sukudireba. Makaniki ne na ƙananan injina, janareta da injin niƙa da na ban ruwa. Wani Alhaji ne ya ɗauke shi zuwa China don ya riƙa duba masa tsofaffin injina kafin a saya. Daga baya harkar Alhajin ta tsaya, shi kuma Yaya ya ce zai ɗan ƙara zama ya samu abin da zai koma da shi gida. Zaman ya yi tsawo, bizarsa ta ƙare, komawar ta zama abin tsoro, don in ya kai kansa filin jirgi tsare shi za a fara yi. Shekarunsa huɗu ke nan bai ga Inna ba, bai ga matarsa da 'ya'yansa ba.

Ɗakinsa yana wani lungu a bayan Tianxiu, ginin da 'yan kasuwarmu ke taruwa, hawa na shida, babu lif. Katifa ɗaya a ƙasa, risho na lantarki, buta, da jaka cike da kuka da daddawa da yaji da 'yan kasuwa ke kawo masa tsaraba. Ranar da na sauka ya riƙe kafaɗuna ya daɗe yana kallona.

"Ka yi ƙiba, Habibu," ya ce. "Inna fa? Idon nata?"

Na ce masa ido sai a hankali. Ƙaiƙayi ya gama da shi. Duk kaka sai ta fita masussuka da faifanta, an hana ta ta ƙi, ta ce ba za ta zauna matan 'ya'yanta suna sheƙa tana kallo ba. Idan ta dawo idanun sun yi jawur suna ruwa, sai an kama hannunta zuwa bayi. Yaya ya juya ya ɗora ruwan shayi.

Na zo da niyyar in yi mako biyu in koma. Kayana suna wani kamfani can arewa, an ce mota ta taso da su. Sai ruwa ya sauko.

Mutanen Guangzhou ba su san sanyi irin wannan ba, gidajensu ma ba a gina su don shi ba. Ƙasan ɗaki tayil ne, tagogi ba sa rufuwa ruf, babu abin ɗumama ɗaki. Ruwa ne siriri yake zuba safe da yamma, ga iska tana biyo lungu tana shiga ta ƙarƙashin ƙofa. Bango ya fara gumi. Ka taɓa bargo ka ji shi kamar an yayyafa masa ruwa. Na wanke safa, ta yi kwana da kwanaki a rataye ba ta bushe ba, daga ƙarshe Yaya ya ɗora ta a murfin tukunya. Alwala ta zama aiki. Yaya ne ke riga ni tashi ya dafa ruwa a butar lantarki, ya sirka mana a bokiti, mu yi sauri mu wanke gaɓɓai kafin ya huce, mu yi salla da hula da jaket da safa biyu. Idan muka yi magana tururi ke fita daga bakinmu a cikin ɗaki.

A talabijin ɗin shagon ƙasa muke ganin abin da ke faruwa a arewa da mu. Dusar ƙanƙara ta rufe hanyoyi, turakun lantarki sun karye, manyan motoci sun yi layi a kan titi ba gaba ba baya. A cikinsu har da wadda ta ɗauko kayana. Kullum na kira kamfani amsa ɗaya ce, meyo, meyo, wato babu. Ga shi sabuwar shekararsu ta matso, lokacin da kowa ke rufe shago ya tafi garinsu. Masu taliyar halal da muke ci a wurinsu suka ja ƙofa. Mai naman rago ya daina zuwa. Kabeji da tumatir suka yi wuya, wanda ka samu ma ya yi laushi. Muka koma tuwon garin shinkafa da miyar kuka ba nama, rana ɗaya da mai, rana ɗaya babu. Da kukar ta fara ja baya Yaya ya riƙa tsinka miyar har kana ganin gindin kwano. Ban taɓa jin yunwa irin ta sanyi ba. Ka ci ka tashi, kafin ka sauka daga bene cikin ya sake kira.

Wata rana muka bi titin Huanshi Lu a ƙafa har kusa da tashar jirgin ƙasa. Ban iya kwatanta yawan mutanen da na gani ba. Ma'aikatan kamfanoni ne masu son tafiya gida, jirage sun tsaya, suna tsaye a fili cikin ruwa, kai da kai, iyakar ganinka. Wasu sun rufa da leda, wasu sun ɗora buhunan kayansu a ka, mata da goyo, ba wurin zama ba wurin tsugunawa. Yaya ya tsaya ya daɗe yana kallonsu, hannuwansa a cikin hammata.

"Su ma gida suke so," ya ce. "Mu tafi."

Abin da ya rage wa Yaya na sana'a shi ne wani sito a gefen gari, inda 'yan kasuwarmu ke tara tsofaffin injinan da ake kawowa daga Japan kafin a loda su a kwantena. Shi ke tayar da su, ya ware masu rai da matattu. Mai gadin siton wani tsoho ne, Lao Wang, siriri mai furfura, da rigar soja mai auduga wadda ta kai masa gwiwa. Mutumin can ƙuryar arewa ne, inda ake yin rabin shekara cikin ƙanƙara. Ya sayi tikitin tafiya gida wurin 'yarsa da jikansa, jirgi ya ƙi tashi, ya dawo ya ci gaba da gadi. Yaya na kiransa Lawban, wato maigida, shi kuma ya yi dariya ya nuna takalminsa da ya ɓule. Yana kiran Yaya da Sali. Yaya ya iya Sinanci na ciniki, sauran kuma da hannu suke ƙarasawa, amma sai su yi awa suna hira.

A ƙuryar siton, bayan tulin janareta, akwai wani inji da kowa ya ƙi ɗauka. Ja ne da, amma tsatsa ta cinye rabin fentin. Yana da hannuwa biyu kamar baro da ƙananan tayoyi, a gabansa wani faffaɗan baki mai murɗaɗɗen ƙarfe a ciki, a samansa kuma bututu mai lanƙwasa kamar wuyan raƙumi. An haɗo shi ne cikin tarkace, mai kayan ya ce a jefar. Na tambayi Yaya mene ne wannan, ya ce shi ma bai sani ba sai da Lawban ya nuna masa.

Lao Wang ya taso da kofin shayinsa. Ya kama hannuwan injin ya yi kamar yana tura shi, ya nuna ƙasa ya kai hannu gwiwarsa, wato tarin dusar ƙanƙara ya kai nan. Ya juya yatsa a gaban murɗaɗɗen ƙarfen, sannan ya bi bututun da hannu ya watsa shi sama, yana fuuu da baki. Injin kwashe dusar ƙanƙara ne. Ya haɗiye ta ta gaba, ya feso ta gefe, hanya ta buɗe.

Na yi dariya na ce, "To mu ina ruwanmu da shi? A Bichi za mu kwashe ƙanƙarar?"

Yaya bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya zura hannu cikin bakin injin, ya taɓa wata farfela da ke can ciki.

"Habibu, sheƙa mece ce? Ba ɗaga hatsi sama ba ne iska ta ɗebe ƙaiƙayi? To ga abin da ke ɗagawa sama. In na rage masa gudu, na sa wa farfelar nan roba don kada ta farfasa gero, mutum ɗaya zai tsaya ta bayan iska yana zubawa. Inna ta zauna a inuwa."

"Yaya, wannan fa ya mutu."

"Bai mutu ba. Ajiye shi aka yi."

Washegari muka fara. Ba ni da abin yi, kayana suna kan hanya, kasuwanni a rufe. Kullum bayan mun karya sai mu hau bas, wadda ta zama kusan mu kaɗai a ciki, mu sauka mu taka cikin taɓo zuwa sito. Rufin kwano ne, ruwa na buga shi ba fashi, yana ɗiga ta wurare. Lao Wang ya samo wani rabin duro yana hura wuta a ciki da guntayen katakon akwatuna. Nan muke gasa hannu in yatsu sun ƙi lanƙwasuwa.

Notinan duk sun kama. Yaya ya jiƙa su da kananzir ya bar su su kwana, wanda ya ƙi ya gasa shi da wuta, wanda ya karye ya huda ya fitar. Tankin mai da muka buɗe, tsohon fetur ya daskare a ciki ya zama kamar ƙaro, warinsa har maƙogwaro. Aikina shi ne in zuba tsakuwa da kananzir a ciki in yi ta girgizawa har tsatsar ta saki. Hannuna ya tsage, kananzir na shiga yana zafi. Yaya ya kwance kabureta ya baza 'yan kayan cikinta a kan farin ƙyalle, ya zare siririyar waya daga tsohon kebur yana bin ƙofofinta ɗaya bayan ɗaya, yana hurawa da baki. Fistin ya liƙe a ciki. Ya zuba masa baƙin mai, kullum ya ɗora guntun katako ya ɗan buga a hankali, ya ce ba a yi wa tsoho gaggawa. Ranar da fistin ya motsa, ya kira Lao Wang ya zo ya gani, tsohon ya ɗaga babban yatsa.

Bel ɗin ya ruɓe, ga shagunan kayan gyara duk a kulle. Lao Wang ya hau kekensa cikin ruwa ya tafi, bai dawo ba sai bayan azahar, a jiƙe sharkaf, da bel guda uku a wuya da boris a aljihu. Ƙofar wani ɗan garinsu mai sayar da kayan gyara ya je ya buga. Yaya ya riƙa cewa sheshe, sheshe, wato na gode, tsohon yana kaɗa hannu. Tun daga ranar ya zama na uku a aikin. Shi ya yanko robar tsohuwar taya aka ɗaura wa farfela. Ya lura ba ma cin abin da ya dafa, sai ya sayo sabuwar tukunya, ya nuna mana takardar jikinta ba a ɓare ba, ya riƙa dafa mana ruwan citta da jan sukari da dankalin Hausa a cikinta. Idan lokacin salla ya yi ya shimfiɗa mana kwali a inda ba ya ɗiga, ya koma bakin ƙofa ya ba mu baya.

Tarin Yaya ya fara tun kafin mu buɗe tanki. Da farko irin na kowa ne, don duk wanda ka gani a lungunmu yana tari. Sai ya koma yana dafe haƙarƙari in zai yi. Ya daina cinye tuwonsa, ya riƙa turo mini. Wata safiya na taɓa hannunsa wajen karɓar buta na ji shi kamar garwashi.

Akwai wani ɗalibi ɗan Damagaram, Isufu, da ke karatun likita a garin, muna haɗuwa da shi a masallacin Juma'a. Na kira shi ya zo ɗaki. Ya sa kunne a bayan Yaya, ya ce ya ja numfashi, ya ɗago fuskarsa ba walwala.

"Malam Sale, wannan ba mura ba ce. Sanyi ya shiga huhu. Lopital za mu tafi yau, asibiti."

"In na je za su ce fasfo."

"Za su ce. Amma rai ya fi fasfo."

"Su ga biza ta mutu su kira 'yan sanda, a rufe ni, a sa ni a jirgi da rigar jikina. Shekara huɗu, Isufu. In shiga gida in ce wa Inna me na kawo?"

Na ce, "Yaya, kai take so ta gani, ba kaya ba."

"Na sani," ya ce. "Ku bar ni in tayar da injin nan. Ya kusa. Ranar da ya tashi, wallahi da ƙafata zan bi ku."

Mun yi ta ja da shi, ya ƙi. Na ce zan kira Kawu a gida ya yi masa magana, ya ce in na yi haka hankalin Inna zan tayar a banza. A lokacin ba kamar yanzu ba ne da za ka buɗe waya uwa ta ga fuskar ɗanta. Kati muke saya mu kira wayar mai shago a ƙauye, a aika yaro ya kira ta, kafin ta iso rabin katin ya tafi. Isufu ya kawo magunguna, ya ce wannan tsayar da abu ne kawai, ba warkarwa ba. Na ce wa Yaya to ya kwanta ni in je in ƙarasa, ya gaya mini abin da zan yi. Ya ce kunnena bai kai ga gane kukan inji ba tukuna. Ya naɗe wuyansa da rawani muka fita.

Injin ya tashi ana saura kwana kaɗan sabuwar shekararsu. An ɗan sassauta ruwan ranar, gari ya yi fari. Muka turo shi filin gaban sito. Yaya ya sa sabon filogi, ya zuba fetur, ya kama igiya ya ja, bai da ƙarfin da zai kai ta ƙarshe. Ya ja baya ya jingina da bango yana haki.

"Ja, Habibu."

Na ja, shiru. Na sake ja, ya yi atishawa ya mutu. Yaya ya matso ya ɗan murɗa wani sukuru da farcensa, ya ce in ƙara. Na ja da duk ƙarfina. Injin ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya girgiza kamar zai watse, sannan ya daidaita ya kama kuka. Murɗaɗɗen ƙarfen ya fara juyawa a hankali.

Ba mu da gero. Lao Wang ya kawo rabin buhun shinkafarsa, muka gauraya da dusar katako da ɓarɓashin farin soson da ake cusa wa kaya a kwali, muka tara a ƙasa. Yaya ya kama hannuwan injin da kansa ya tura shi cikin tarin. Bututun ya feso abin sama. Shinkafar ta zubo kusa, a kan tamfol ɗin da muka shimfiɗa, dusar katakon da farin soson kuma iska ta ɗebe su ta yi gaba da su, suna saukowa a hankali.

"Ka gani?" Yaya yana ihu saboda ƙarar inji. "Ka gani, Habibu? Ya raba!"

Na ɗebo shinkafar na duba, kaɗan ce ta karye. Na juya in nuna wa Lao Wang, sai na gan shi ya je ya tsaya a inda farin ɓarɓashin ke sauka. Ya cire hularsa, ya ɗaga fuska sama, abin yana zuba a kan furfurarsa da kafaɗun rigarsa. Bai motsa ba har tarin ya ƙare. Da ya dawo idanunsa sun yi ja, ya ce wani abu da ban gane ba. Yaya ya ce, "Cewa ya yi haka ƙofar gidansu take yanzu."

Yaya ya kashe injin, ya zauna a kan akwati. Dariya yake yi, tari ya sarƙe shi, ya tofar a ƙasa muka ga jini. Ya kalle shi ya kalle ni.

"To, kira Isufu. Na yi alkawari."

A asibiti an karɓe shi. An tambayi fasfo, an duba, aka rubuta abin da za a rubuta, aka sa masa abin numfashi. Babu wanda ya kira 'yan sanda a ranar. Likitar ta yi wa Isufu magana a hankali, shi kuma ya ja ni gefe ya ce duka huhun biyu sun kamu, an makara, sai abin da Allah ya yi. Garin ya cika da jajayen fitilu da ƙarar abin fashewa na bikinsu, mu muna zaune a wani dogon baranda mai sanyi. Lao Wang ya zo da ruwan citta a fulas, ba a bari ya shiga da shi ba, ya zauna kusa da ni ya rungume fulas ɗin.

Yaya ya yi 'yan kwanaki. Ranar da ya ɗan samu sauƙin magana ya ce in matso.

"Ka zare fetur kafin a loda shi. In kun je, ku tsaya ta bayan iska. Kada ka bar yara kusa da bakin." Ya huta. "Ka ce wa Inna ta yafe mini daɗewar."

Ya rasu da hantsi, ina riƙe da hannunsa, Isufu yana masa kalmar shahada. Ranar rana ta fito, karo na farko tun zuwana. Na tuna na fito ƙofar asibiti na ga mutane sun shanya barguna a kan baranda ko'ina, hasken yana dukan ido.

Hausawan Tianxiu sun yi abin da ya fi ƙarfina. 'Yan Kano da 'yan Nijar da 'yan Ghana, wasu ban taɓa ganinsu ba, suka yi ta zirga-zirgar takardu, Musulmin garin suka taimaka aka samu wuri a maƙabartarsu. Ƙasar ja ce, a jiƙe, tana manne wa shebur. Lao Wang ya biyo mu, ya tsaya daga bakin ƙofa har muka gama. Kawu na kira, shi ya je ya gaya wa Inna da matar Yaya. Kayana sun iso bayan an buɗe hanya. Da aka zo loda kwantena, ni da Lao Wang muka zare fetur, muka naɗe injin da tamfol, muka tura shi can ciki.

Na riga injin isa gida da watanni. Ya iso da damina, na kai shi ƙauye na ajiye a zaure, babu wanda ya buɗe tamfol ɗin. Inna ba ta tambaye ni komai a kansa ba, ni ma ban tayar da maganar ba. Na isar mata da saƙon Yaya, ta ce, "Me ya yi mini da zan yafe?" Ta juya fuska bango.

Da kaka ta yi aka sussuke gero, ita da kanta ta ce a fito da abin Sale. Muka tura shi masussuka, mata da yara suka kewaye shi suna mamakin wuyansa. Na kori yaran baya, na duba inda iska ke kaɗawa, na ja igiya. Ya tashi. Aka riƙa turo geron da ƙaiƙayinsa, bututun yana fesawa, tsabar tana zubowa a tabarma, ƙaiƙayin yana tafiya gabas. Ba ya fitar da shi tas, sai an ɗan bi da faifai, amma aikin yini ya ƙare kafin azahar. Mata suka fara guɗa, sai suka tuna da Sale, suka katse.

Inna tana zaune a gindin ɗorawa, nesa da ƙaiƙayi. Da na kashe injin na je na tsuguna a gabanta. Ta ce, "A can, wa yake ba shi ruwan zafi?"

Na ba ta labarin Lao Wang, da sabuwar tukunya, da kwalin salla, da bel ɗin da ya nemo cikin ruwa. Ta saurara har na gama. Ta sa aka auno mata kwano guda daga geron farko, ta ƙulle shi a ɗankwalinta da hannunta.

"In ka koma ka kai wa tsohon nan. Ka ce uwar Sale ce."

Na koma bayan wata biyu. Na sami Lao Wang a bakin siton, a kan kujerarsa, ya ƙara ramewa. Ya gane ni tun daga nesa ya miƙe. Ba Isufu, ba mai fassara. Na miƙa masa ƙullin na ce, "Sali mama." Ya kwance a hankali, ya zura hannu cikin geron, ya ɗebo ya shinshina. Ya kama hannuwan inji a iska ya tura, ya watsa hannu sama, yana kallona da tambaya. Na gyaɗa kai.

Ya baza geron a tafinsa yana tonawa da yatsa, ya tsinto wani ɗan ƙaiƙayi da ya rage, ya ɗaga mini shi yana girgiza kai, yana murmushi. Ya juya wajen ƙuryar siton, ya buɗe baki zai kira Sali ya nuna masa. Sai ya tsaya. Ya koma ya zauna a kan kujerarsa da geron a hannu, ni ma na jawo akwati na zauna kusa da shi.